Hoda a Hannun Mai Wankan Gawa

Ni mai wankan gawa ce. A Kpebiye, unguwarmu ta nan Paraku, in mace ta rasu ni ake aiko wa. Aikin uwata ne, a hannunta na koya, kuma ni na wanke ta. Na wanke 'ya'yana mata biyu. Mijina maza suka wanke, ban da haka da shi ma ta hannuna zai bi.

Mutane suna girmama ni, daga nesa. In na shiga gidan suna a shimfiɗa mini tabarma mai kyau, a kawo shinkafa da tsoka babba, amma jaririn ba ya zuwa hannuna. Kullum sai a ce barci yake, ko yanzu aka ba shi nono. Maƙwabciyata tana aron turmina, ba ta taɓa aron zanena ba. Ban damu ba. Duk za su zo, ba sai na yi gaggawa ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar mini. Ita ma fuska ce sana'arta, sai dai tata mai rai. Kwalliya take yi wa amare, abin da suke kira makiyaj. Tana da akwati mai hawa-hawa, cike da hoda da jan baki da jagira da buroshi iri-iri, har da gashin ido na kanti wanda ake manna wa da gam. Hannunta yana da kyau. Amma a Paraku masu akwati irin nata sun fi amaren yawa, kuma duk wanda ya san ta ya san 'yar wace ce. Akwai uwar amarya da ta taɓa tambayarta ko gida ɗaya muke kwana.

Sai aka kira ta daga Jugu. Babban gida ne na fataken goro, amarya da ƙawaye cike da ɗaki, duk a shirya su kafin azahar. Hannu biyu ba za su iya ba. Yarinyar da ke taya ta ta yi aure ta tafi. Ta zauna a bakin gadona tana juya waya a hannu.

"Inna, ki koya."

"Me?"

"Makiyaj. Ba mai wuya ba, na ƙawaye. Ni in ji da amarya."

"Ba kowa a garin nan sai ni?"

"Kowa na garin nan in na kai ta Jugu, da ni za ta yi takara gobe. Ke ba za ki ƙwace mini kasuwa ba."

Gaskiya ta faɗa. Sai ta ƙara da cewa a Jugu ba wanda ya san ni, kuma haka take so abin ya zauna. In suka ji irin aikina, ta gama a garin tun ba ta fara ba. Na ce mata riƙe baki shi ne rabin sana'ata.

Ban taɓa shafa komai a fuska ba sai kwalli. Ta ce sai na fara da tawa, don in san yadda abin yake ji. Ta ba ni madubi da soso da wani mai mai kauri da take kira fondetan, wanda ake shimfiɗawa kafin hoda. Na lakato kamar man kaɗanya na mulke. Da na ɗago, wata mata ce a madubin, fuska launin kunun gyaɗa, wuya launin tukunya. Jikana da ke goye a bayanta ya leƙo ya tsala ihu.

"Inna! Ba fentin katanga ba ne. Kaɗan ake ɗiba. Kuma a gefen muƙamuƙi ake gwadawa, wanda ya ɓace a fata shi ne naki."

"In zai ɓace, me ya sa ake saye?"

Ta wanke ni muka sake.

Ba wadda za ta ba ni fuskarta in koya a unguwar. Na tambayi maƙwabciyata, ta ce tana da ƙuraje, alhali fuskarta kamar ƙwai. Sai na kifa ƙwarya a cinya ina zana mata gira. Ƙwaryar nan ta yi kyau ƙwarai. Da 'yata ta zauna na gwada a kanta, gira ɗaya ta nufi Jugu, ɗaya ta nufi Kwatano.

Shafawar ba ta ba ni wuya ba. 'Yata ta yi mamakin rashin nauyin hannuna, ta ce ta zaci cuɗa zan yi kamar mai wanki. Ba ta taɓa shiga ɗakin aikina ba, ba ta sani ba. Wadda ke kwance ba ta iya cewa ta ji zafi, saboda haka ba a ba ta dalili. Abin da ya gagare ni shi ne fuskar da ke tsaye tana fuskantata. Tana ƙifta ido. Tana haɗiyar yawu. Tana da ra'ayi. Shekara da shekaru ina aiki, ba wadda ta taɓa kallona, ba wadda ta ce in ba ta madubi.

Ranar tafiya ita ta yi mini tawa fuskar tun da sassafe, wai don in yi kama da 'yar sana'a. Muka shiga taksi a tasha, an cusa mu kamar buhunan doya, akwati a cinyata. Kafin mu yi rabin hanya gumi ya fara sauko da abin da ta gina. Tana goge ni da auduga tana ba ni darasi: in gaida kowa da Faransanci in ce sava, in ce sun yi kyau ko ba su yi ba, in yi murmushi. Na ce murmushi ba ya cikin kayan aikina. Ta ce in aro.

Gidan ya cika. Ana daka sakwara a tsakar gida, ana Hausa ana Dandanci ana Faransanci a baki ɗaya. Aka shige da 'yata ƙuryar ɗaki wurin amarya, ta raba mini kaya a faranti, ta yi mini kallon da ke cewa rayuwarta na hannuna. Ni aka bar ni a falo da ƙawaye. A lungu akwai gado, a kansa wata tsohuwa ƙwarai tana goga goro a magogi don haƙora sun tafi. Kakar amarya ce, daga Partago aka ɗauko ta ta zauna da su. Na gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba.

Wadda ta fara zama a gabana 'yar baffan amarya ce, doguwa, bakinta ba ya hutawa. Waya a kunne, cingam a baki.

"Tanti, kar ki mai da ni fara fa. Amma ki ɗan haska ni. Amma kar ya yi yawa. Alo? Ina makiyaj, ina makiyaj! Tanti, girar nan siririya nake so, amma mai cika."

Na ɗora jagira, ta juya ta amsa wa wata, layi ya tafi har kunne. Na goge. Na sake ɗorawa, ta yi dariya, layi ya hau goshi. Sauran suka fara zungurin juna.

"Anya Tantin nan ta taɓa yi?"

"Ki bar ta, taswirar hanyar Paraku take zana miki."

A ƙurya ina jin muryar 'yata tana lallashin amarya. In yarinyar nan ta tashi da fuskar nan ta shiga ciki, shi ke nan. Na ajiye jagirar.

"Kwanta."

"Na'am?"

"Tabarma. Kwanta rigingine. Tofar da abin bakin nan. Ba ni wayar."

Ban ɗaga murya ba. Ban saba a yi mini musu ba, ina jin shi ta gani. Ta kwanta. Na durƙusa ta damanta, na miƙe mata ƙafafu, na jera hannuwanta a gefe, na ja zane na rufe ta daga ƙirji zuwa ƙasa don kar hoda ta ɓata mata leshi. Ido yana ta zarya, na sa babban yatsa na shafo fatar idon ƙasa. Suka rufu. Baki ne ya ƙi.

"Tanti, wallahi daɗi, kamar a gadon..."

Na zare ɗankwalin wata, na zagayo da shi ƙarƙashin haɓa, na ɗaure a tsakiyar kai. Ɗakin ya fashe da dariya. Wata ta ce tun tana goye ake neman mai yi mata haka.

Daga nan hannuna ya dawo nawa. Na fara da dama. Na shimfiɗa man kaɗan-kaɗan, ina dandannawa da soso har ya ɓace. Na bi da hoda. Gira ta fito kamar da ita aka haife ta, ta hagu ta bi sahun 'yar'uwarta. Ban yi sauri ba, ban tsaya ba. Ni kaina ban san na daina jin hayaniyar gidan ba. Sai da na yagi auduga na mulmula ta ƙanana na kai bakin hancinta, ta yi atishawa, sannan na farka. Na ce hoda ce ta shiga, na share.

Da na kwance ta aka ba ta madubi, ta yi shiru. Wannan kaɗai ya isa shaida.

"Sabon yayi ne, Tanti?"

Kafin in buɗe baki wata mai gilashi ta ce ai a Kwatano haka ake yi yanzu, ita da idonta ta gani a wani babban shago, har ɗaurin haɓar, don fata ta miƙe. Na ce haka ne.

Suka yi layi. Ba wadda ta yarda a yi mata a zaune, ba wadda ta yarda a bar mata haɓa sake. Da 'yata ta leƙo neman buroshi, ta tarar da falo shimfiɗe da 'yan mata a jere, an rufe su da zannuwa, ido rufe, haɓa ɗaure, suna jiran jan baki ya bushe. Ta kama ƙyaure. Na zaci faɗuwa za ta yi. Ta dube ni, ta dube su, ta ga girarsu, ta koma ciki ba buroshin.

Ina kan ta ƙarshe tsohuwar ta yi magana.

"Ke, baiwar Allah. Zo kama ni, zan zaga."

Ga jikokinta cike da ɗaki, ni ta kira. Na kama ta muka fita ta baya. Ba ta da nauyi, hannuna ya riga ya auna ta ba da sona ba. Ba ta shiga bayin ba. Ta jingina da bango kusa da randa.

"A ina kike wanka?"

"Hajiya, kwalliya nake yi."

"Ni ma amarya ce." Ta tofar da goro. "Na zuba wa masu wanka ruwa tun uwarki ba ta yaye ki ba. Ɗaurin nan ba a koyon sa a shago. Kuma na ga audugar."



"A Paraku," na ce.

"'Yarki ce ta ciki?"

"Ita ce. Ba ruwanta da aikina. Abincinta ke nan, Hajiya."

"Na sani. Kalma ɗaya zan faɗa, yaran nan su yi rige-rigen zuwa rijiya wanke fuska." Ta yi dariya ba sauti. "Da na so in gani ma. Amma ina da buƙata. Mai wankan unguwar nan hannunta kamar mai kirɓa fura, bakinta kuma ba ƙofa. Kafin a kai mace makwancinta, gari ya san tabon da ke cinyarta. Ni ba na so. Na ga yadda kika ja wa marar kunyar nan zane. In tawa ta zo, ke nake so."

"Paraku da nisa."

"Zan jira ki. Ina zan je?"

Na ce to. Ta ce in ce wallahi. Na ce.

Biki ya yi kyau. Hotuna suka zaga gari, aka yi ta karɓar lambar 'yata. A taksi muna komawa tana ta dariya ita kaɗai, har ta saya mini wagasi, cukun Fulani, a hanya. Na bari ta gama murna sannan na gaya mata abin da aka yi a bayan ɗaki. Dariyar ta ɗauke.

"Allah ya ja kwananta," ta ce.

Ban taɓa jin an yi wa tsohuwa addu'a da zuciya ɗaya haka ba.

Jugu ta buɗe mata. Wannan gida ya miƙa ta wancan. Ta ɗauki 'yan koyo, ta ce in huta, na gane nufinta na huta. Ta sake rufin ɗakinmu, ta sa yaronta makaranta. Duk zuwan da za ta yi sai ta biya ta gidan fataken goro ta duba jikin Hajiya. Ta kai mata zuma. Ta kai mata man zafi da bargo. In ta ji tana tari, ba ta cin abincin kirki ranar. Mutanen gidan suna cewa ko jikokin cikinta ba su kula da ita haka.

Zuma ba ta hana abin da zai zo. Wata safiya da damina ina shara, wayarta ta yi ƙara. Na ga ta zauna a kan turmi. Tsohuwa ta cika da asuba, kuma ta bar wasiyya a gaban 'ya'yanta cewa kar kowa ya taɓa ta sai an kira uwar mai kwalliya ta Paraku. Ba su gane ba, amma wasiyya ce. Za su jira har la'asar.

Na jingine tsintsiya na shiga ɗauko jakata. Ta biyo ni.

"Inna, in ce ba ki da lafiya."

"Lafiyata lau."

"In ce kin yi tafiya. Inna, ki dube ni. Gidan nan ne ƙofata. In kika shiga da jakar nan, kin rufe ta."

"Tsohuwa ta riƙe nata alkawarin."

"Ta mutu! Ba za ta sani ba."

"Duk waɗanda nake wa aiki ba sa sani."

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ban ture ta ba, ban roƙe ta ba. Na tsaya da jaka a hannu har ta matsa.

Na isa bayan azahar. Falon nan ne dai, an kwashe kujeru, mata zaune a ƙasa. Suka gane ni. Uwar amaryar waccan shekarar ta ja ni gefe, idonta jawur, tana neman yadda za ta faɗa ba ta ɓata mini ba.

"Tanti, mun gode da kika zo. Tsufa ne, ƙila ta rikice. Ai kin sani, mu Musulmi ne, ba a yi wa gawa kwalliya."

"A ɗora ruwa," na ce. "Kar ya yi zafi. A samo ganyen magarya. Kafur ina da shi. Ina likkafanin?"

Ta aika a ɗora ruwan.

Na ce ina son mutum ɗaya mai zuba ruwa, cikin jinin tsohuwa, mai ƙarfin zuciya. Wadda ta miƙe ita ce doguwar nan mai surutu. Ta yi aure, ta yi ƙiba, bakin ya ɗan lafa. Muka shiga na saki labule.

Wani ya ɗaure wa tsohuwa haɓa da asuba, ɗaurin gaggawa, ya karkace. Na durƙusa ta damanta. Na gyara mata ƙafafu, na jera hannuwa, na ja zane. Na kwance ƙyallen na sake zagayo da shi na ɗaure a tsakiyar kai. Na jira ruwa, bai zo ba. Na waiga. Yarinyar ta riƙe buta da hannu ɗaya, ɗayan yana kan tata haɓar.

"Tanti..."

"Zuba."

Ta zuba. Har muka gama ba ta ƙara cewa komai ba, kuma ba ta zubar da ruwa a inda bai kamata ba. Abin da na gani a ɗakin nan na gani. Na yi wa tsohuwa aikinta a hankali kamar yadda ta nema, na naɗe ta, na ce maza su shigo.

Da na fito falo, hanya ta buɗe mini da faɗi, irin wadda na saba. Cikin masu zaman makoki akwai fuskoki da yawa da na sani a kwance. Mai gilashin nan da ta ga yayin a Kwatano tana kallon ƙasa. Aka shimfiɗa mini tabarma mai kyau ni kaɗai, aka kawo abinci da tsoka babba.

Kafin in iso Paraku labari ya riga ni. Bikin da 'yata ke da shi a Jugu a makon aka ce an ɗaga. Ba a ɗaga ba, wata aka kira. Na bayansa ma haka. 'Yan koyonta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ta koma neman amaren Paraku, inda masu akwati suka fi su yawa. Ta daɗe ba ta ci a kwano ɗaya da ni ba. Ba ta zage ni ba, ni ma ban ba ta haƙuri ba. Tana gaishe ni da safe, ina amsawa.

Amma Jugu ba ta yar da lambarta ba. An ce a garin an yi ta maganar yadda aka suturta tsohuwa, da yadda ba a ji komai daga ɗakin ba. Ni ba ni da waya, ban iya ta ba. Saboda haka har yanzu wani lokaci tata takan yi ƙara, ta ga lambar can ce, ta gyara zama, ta sa muryar kasuwa.

"Alo, wi? Mai makiyaj ce."

Sai ta saurara. Sai ta ce Allah ya jiƙanta, Allah ya ba da haƙuri. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba.

"Inna, taki ce."